Sallar da Na Hana Yara Lilo

Na san labarin da kuke bayarwa a kaina in kun taru a tsakar gida kuna zaton kunnena ya tsufa. Wai Baba ya hau lilon Turawa da azumi a bakinsa, kansa ya juya, ya ga aljanu, ya sauko ya hana yaran gari wasan Sallah. Labari ne mai daɗi, kuma na lura kowace shekara ana ƙara masa gishiri, don bara na ji ƙaramar jikata tana cewa har amai na yi a hular dagaci. Shekara talatin da biyar na yi ina bin rubutun 'ya'yan mutane da jan biro, to bai dace in tafi in bar kuskure irin wannan a gidana ban ja masa layi ba. Ban yi magana a lokacin ba saboda Inna, mahaifiyata, tana da rai. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, kuma abin da na rufe dominta ya zama hakkinku.

Kun san gonarmu ta Madachi, gadon mahaifinmu, wadda ke bakin titi. Yawancinta ana nomawa, dawa da gyaɗa, amma tun ina yaro akwai wani yanki ta gefen gabas da ba a taɓa sa masa garma ba. Fako muke ce masa, ko da yake ba fako ba ne, sabara ce da ciyawa da wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. Mahaifinmu mutum ne mai tsadar magana, ya kuma rasu ina aji huɗu na firamare, don haka ban samu dalili daga bakinsa ba. Abin da na sani shi ne wurin kufai ne, mutanenmu sun zauna kusa da shi kafin su taso su dawo cikin Rano, kuma makabartar tsohon ƙauyen tana can hayin rafi, kowa ya san ta. Fulanin da ke sauka a gonar da rani sukan kewaye Fako da shanunsu. Na taɓa tambayar wani dattijo cikinsu, ya ce shanun ne ba sa so. Sai na yanke hukunci a raina cewa ciyawar ce mai ɗaci, na ba kaina maki goma bisa goma, na wuce.

Shekarar da na ajiye aiki, Babbar Sallah ta faɗo a farkon damina. A shekarar ne ƙanena, Baffanku Sabo, ya zo mini da wani Alhaji Garba daga birni. Alhajin ya sayo kayan wasan yara na hannu, irin masu aiki da inji, yana neman fili a bakin titi inda mutanen Rano da na Kibiya duk za su iya zuwa. In abu ya karɓu a Sallah, wurin ya zauna dindindin, kuma Sabo ne zai zama manaja. Ku da kuka san Baffanku da furfura ba za ku gane nauyin wannan ba. Ya gwada sayar da taki, ya gwada kiwon kaji, ya gwada haya da babur, kuma duk inda ya shiga ƙanen Hedimasta ake ce masa. Wannan ne karo na farko da na ga ya riƙo abin da sunansa zai zo kafin nawa. Filin yana hannuna a matsayin babba, sa hannuna ake jira. Muka shiga ɗakin Inna mu biyu don fita hakki, ba don muna tsammanin gardama ba.

"Inna, za mu ba da Fako a yi wa yara wurin wasa," na ce.

"A'a," ta ce.

"Me ya sa?"

"Ba a taɓa wurin nan."

"Na san ba a taɓawa, Inna. Dalilin nake tambaya."

"Isyaku, ni ba ɗalibarka ba ce."

Sabo ya yi dariya ya ce, "Inna, in mutanen ɓoye ne a wurin, su ma sai mu yanka musu tikiti. Rabin kuɗi, tunda maƙwabta ne."

Ta dube shi, wani irin kallo da ban iya fassarawa ba a lokacin, sannan ta mai da kanta kan carbinta. A wurinta magana ta ƙare, domin a duniyar da ta taso a'ar uwa ba ta buƙatar 'yan rakiya. A wurina kuwa, amsar da ba ta zo da dalili ba sifili ce, haka na koya wa dubban yara. Muka fito, na sa hannu, muka kuma shirya da Sabo a ce mata bakin titi kawai za a taɓa. Wannan ƙaryar tawa ce kamar yadda take tasa, ina so ku rubuta ta a shafina.

Gireda ta shiga ta yi kwana biyu. Ta kwashe sabarar, ta tuge tsamiyar har sai kututture ya rage, ta baje wurin ya zama kamar faifai. Ma'aikata suka kawo mini fasassun tukwane da suka yi ta tsinta, fuskarsu ba daɗi. Na tsaya a rana na yi musu lacca a kan tarihi, cewa kowane kufai cike yake da irin wannan tsingaro, domin mutanen da ma da tukunya suke girki. Suka ce Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Labari bai daɗe ba ya kai kunnen Inna. Ba ta kira ni ba, ba ta yi faɗa ba. Abinci dai ya riƙa dawowa daga ɗakinta yadda aka kai shi, in kuma na shiga gaisuwa sai ta amsa tana kallon bango. Mahaifiyarku ta ce mini, Malam, tsohuwar nan fa ba fushi take ba, wani abu ne daban. Na ce mata tsufa ne.

Aka yi ruwa biyu masu kyau, sannan manyan motoci suka kawo ƙarafa. Cikin mako uku wurin ya tashi. Akwai lilon dawakai mai juyawa, akwai ƙananan kujeru masu shilo, akwai rumfunan sayar da alawa da lemo. Amma abin da ya tsayar da masu wucewa a titi shi ne babban, wani layin dogo da aka ɗaga sama a kan ƙafafun ƙarfe, ya hau ya kai tsayin bene hawa uku, ya gangaro, ya murɗe, ya sake hawa, ya dawo inda ya taso. A kansa akwai 'yan taragu huɗu marasa rufi, kowanne na mutum biyu. Alhaji yana kiransa da wani sunan Turanci mai tsawo, amma yaran gari suka sa masa Kububuwa, shi kuwa ya bi shi. Inda ake shiga taragun yana daf da titi, sauran jikin ne ya miƙa cikin Fako.

Ranar jajibiri, bayan la'asar, Alhaji ya gayyace mu hawan gwaji, ni da Sabo, a matsayin masu ƙasa. Gaskiya ne ina azumin Arfa, wannan ɓangaren labarinku bai yi ƙarya ba. Wurin ba kowa sai ma'aikata, an hana yara shiga sai gobe, suna can maƙale da waya suna leƙe. Ana gwada lasifika, kuma abin da aka sa ba waƙa ba ce, wata dariyar yara ce da aka ɗauka aka zo da ita tare da kayan, tana yi tana ƙarewa tana sake farawa. Na tambayi Alhaji ko shi ma zai hau.

"Ni saya na yi, Malam, ban ce zan hau ba," ya ce. "Ina da hawan jini. Hawa ɗaya ya ishe ni."

Makanikin da ke kula da injin, wani mai furfura a gemu da ake kira Sunusi, ya zaunar da mu a taragon gaba, ya sauko da wani ƙarfe ya danne mana cinya. Ya ce zai tsayar da mu a ƙololuwa na ɗan lokaci mu ga gari, karramawa ce ta manyan baƙi. Sarƙa ta kama taragon ta fara jan mu sama, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Sabo, wanda ya kwana uku yana tsokanata cewa 'yan boko ba su da zuciya, ya rufe ido tun ba mu kai rabi ba, ya shiga karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Muka kai sama, taragon ya tsaya. Na ga duwatsun Rano, na ga rufin kwano yana ƙyalli, na ga gonaki sun fara kore har iya ganina. Shekara sittin ina taka ƙasar nan ban taɓa ganin bayanta ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sannan na sunkuyar da kai na dubi Fako.

Sabuwar ciyawa ta fito a filin da aka baje, amma ba ta fito bai ɗaya ba. A wasu wurare ta fi duhu, ta fi kauri, kuma waɗannan wuraren suna da siffa. Kowanne dogo ne kaɗan, mai kusurwa huɗu, ya ɗan lotsa, rana ta karkata ta zuba masa inuwa a gefe ɗaya. Duk sun miƙe daga kudu zuwa arewa, babu wanda ya kauce. Suna jere layi bayan layi, kamar yara a taron safe kafin a shiga aji. Na halarci jana'iza fiye da yadda zan iya tunawa, na san abin da ake shimfiɗawa kai a kudu, fuska a gabas. Amma abin da ya sa bakina ya bushe fiye da azumi shi ne tsawonsu. Babu ko ɗaya da ya kai na babban mutum. Mafi tsayinsu bai wuce bencin 'yan aji ɗaya ba. Ƙafafun lilon dawakai suna kafe a tsakiyarsu, rumfar alawa ta zauna a kan uku, kuma daga ƙasa dariyar nan tana tasowa, tana ƙarewa da wata 'yar sheƙa, tana sake farawa. Hali zanen dutse, sai na kama kaina ina ƙirga su kamar mai kiran suna. Na wuce arba'in ban kai ƙarshen layi na huɗu ba, Sunusi ya sake mu.

An ce saukar Kububuwa takan sa hanjin mutum ya hau maƙogwaro, iska ta cika masa baki, ƙasa ta taso ta mare shi. Wataƙila haka ne. Sabo ya yi ihu, hularsa ta tafi. Ni abin da na sani kawai shi ne duk murɗawar da ta yi, a kansu muke wucewa.

Da na sauka na taka zuwa wurin. Ba komai, ciyawa ce kawai, nan kore can kore, irin wadda za ka gani a kowane fili. Na tsaya ban san inda zan sa ƙafa ba, sai na dawo da baya ina bin sawuna. Na gaya wa Alhaji da Sabo abin da na gani. Alhaji mutum ne mai tsoron Allah gwargwadonsa, fuskarsa ta sauya, ya sa Sunusi ya hau tsani ya ɗauko hoto da waya. Kafin ya kai sama hadari ya rufe rana. Hoton ya zo, muka haɗa kai a kansa. Ni na ga layukan, dushi-dushi. Alhaji ya juya wayar sama da ƙasa.

"Ciyawa ce, Malam," ya ce.

"Yaya, ka sha ruwa tukuna," in ji Sabo. "Makabarta tana hayi, kai da bakinka ka faɗa. In akwai wanda ya san an binne mutum a nan, a kawo shi ya faɗa."

Na wuce gida kafin magariba, kai tsaye ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ban yi ba tun ina saurayi.

"Inna, na hau abin nan."

"Na ji."

"Akwai mutane a Fako. Ana ganinsu daga sama."

Hannunta bai tsaya ba.

"Ƙanana ne, Inna. Duk ƙanana."

"Shekarar ƙyanda ce," ta ce. "Rafi ya cika, ba a iya hayewa da su. Kullum sai an fita, wata rana sau biyu. Bayan nan ne aka tashi daga ƙauyen."

"Akwai namu a ciki?"

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Isyaku. Tun kana goye nake kiranka Isyaku a gaban kowa. Ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari?"

Ya kamata ku san cewa na koyar da wannan darasin. Kunyar ɗan fari tana cikin manhaja, na rubuta ta a allo ba sau ɗaya ba, na yi bayanin yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi nata ne, ko ciwo yake sai dai wata ta yi magana a madadinta. Na fitar da tambaya a kai a jarrabawa, na kayar da waɗanda ba su sani ba. Kuma kullum in na dawo gida matar nan tana kiran sunana ɓaro-ɓaro, ni kuwa ina ɗauka wayewa ce irin ta uwar ɗan boko. Akwai wani kafin ni. Ya yi shekara uku yana yawo a tsakar gida, aka fita da shi a tabarma, ita kuwa tana ɗaki, domin mata ba sa raka gawa. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don na fari ne. Ba ta taɓa ganin inda aka sa shi ba. Abin da mahaifinmu ya gaya mata da ya dawo shi ne, kusa da tsamiya, ta kudu. Da wannan jimlar ta rayu shekara sittin da ɗoriya, ni kuma na sa gireda ta tuge tsamiyar.

"Me ya hana ki faɗa mini, Inna?"

"Na ce maka a'a," ta ce. Ta kaɗe faifan. "Kada ka sa ni a bakin mutane, Isyaku. Kada a tara maza a zaure a ce in zo in faɗi abin da na haifa."

Ga inda na tsaya ke nan, kuma ina so ku auna shi da kyau kafin ku yanke mini hukunci. Tsofaffin da suka haƙa wurin duk sun mutu. Shaida ɗaya ta rage a duniya, ta kuma roƙe ni kada in kira ta. Tono ba ya cikin lissafi, ba wanda zai sa diga a inda yake zaton akwai ɗan mutum don ya ci gardama. Gobe da hantsi yara ɗari nawa ne za su shigo da sabbin takalma. Abin da ya rage mini shi ne in tsaya a gaban gari in ce a'a, a tambaye ni hujja, in ce na gani daga saman lilo da azumi a bakina. Na je wurin liman bayan magariba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni ko da idona na gani, na ce da idona. Ya tambaya ko akwai wani mai shaida, na ce babu wanda zan iya kawowa. Ya dube ni, ina jin ya fahimci bambancin wannan da babu, amma bai matsa ba. Washegari bayan an idar da Idi ya ce wa jama'a akwai shakka a kan filin Madachi, kowa ya riƙe 'ya'yansa sai an bincika.

Wasu sun riƙe, da yawa ba su riƙe ba. Na bar ragona a ɗaure na ce maƙwabci ya yanka mini, na ɗauki benci na ajiye a ƙofar wurin, na zauna da babbar rigata. Suka yi ta zuwa, a ƙafa, a babur, a bayan a-kori-kura daga Kibiya da Saji, 'yan mata da lalle, samari da sabon aski, yawancinsu 'ya'yan waɗanda na koyar. Iyayen ba za su iya ture ni ba, don ban daɗe da daina zane su ba. Suka tsaya cirko-cirko a rana. Wata yarinya da ba ta fi shekara biyar ba ta matso ta ce, Malam, yaushe za a buɗe? Na ce ba yau ba. Ta ce gobe? Na ce ba gobe ba. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi, kuma har yau in na haɗu da 'yan mata sa'anninta a hanya nakan yi zaton ita ce. A bayana dariyar lasifika tana ta yi a filin da ba kowa, sai da na roƙi Sunusi ya kashe ta. Kafin azahar labari ya gama gari, ya kuma canja kaya a hanya. Kabari ba ya jan hankali kamar aljani, don haka aljanu suka ci. Ban musa ba. Na ga cewa in mutane suna maganar haukata ba za su tambayi wanda aka binne ba.

Sabo ya same ni a kan bencin da yamma. Idonsa ya yi ja.

"Yaya, sau ɗaya a rayuwata," ya ce. "Sau ɗaya na kawo abu garin nan. Ka ce mini wa ya gaya maka, in ji da kunnena, wallahi ni zan kwance ƙarafan da hannuna."

"Ba zan iya ba, Sabo."

"Ba za ka iya ba, ko babu?"

Na mai da idona kan titi. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya samu amsa, ya tafi. Ya koma birni a daren, ya yi shekara bakwai bai taka gidana ina nan ba, in ya zo gaida Inna sai ya aiko a duba ko na fita. Na sha tambayar kaina ko da na ja shi gefe na gaya masa, shi kaɗai, ai shi ma ɗanta ne. Wataƙila nan ma na yi kuskure. Ta ce kada in sa ta a bakin mutane, ni kuma na lissafa ƙanena cikin mutane. Sabo, in an karanta maka wannan, ga amsar da ka tambaye ni a kan benci. Ta makara, amma ita ce.

Alhaji Garba bai yi ta'adi ba. Ya ce filin da aka yi wa irin wannan suna ko kyauta ba ya so, zai kwashe kayansa bayan Sallah. Abin da ya biyo baya tsakanina da shi na takarda ne, ba na wannan babi ba. Rana ta huɗu, ana gobe za a fara kwancewa, na shiga gaida Inna bayan azahar na tarar ta yi wanka ta sa mayafinta na unguwa.

"Kai ni," ta ce.

"Ina, Inna?"

"Ka ce ana gani daga sama."

"Inna, mata ba sa shiga makabarta."

"Wa ya ce shiga zan yi? Ba ka ce bakin abin yana titi ba?"

Ta haura tamanin a lokacin, da sanda take zuwa banɗaki. Na kawo duk hujjar da nake da ita, ta saurara kamar yadda nake sauraron yaron da bai yi aikin gida ba. Na ɗauko mota. Muka isa bayan la'asar, sama garau, wurin ba kowa sai Sunusi yana tattara spanoni. Da ya ji abin da muke so sai ya cire hularsa ya sosa kai.

"Iya, bari in gaya miki gaskiya," ya ce. "Hawa a hannuna yake, zan ja ki a hankali, zan tsayar da ke yadda kike so. Amma abin nan ba ya komawa da baya. Wanda ya hau, sai ta can zai sauko, kuma da gudu."

"Haka haihuwa take," in ji Inna. "Ɗora ni."

Ya tayar da janareta. Muka ɗaga ta mu biyu muka zaunar, ba ta fi nauyin damin kara ba. Na naɗe rigata na cusa tsakaninta da ƙarfen don kada ta zame, na zauna kusa da ita na zagaye ta da hannu. Sarƙa ta kama. Ba ta dubi duwatsu ba, ba ta dubi gari ba. Da muka tsaya a ƙololuwa ta dafa ƙarfen ta leƙa, ni kuma ina addu'a a raina, rabi ina roƙon ta gani, rabi ina roƙon kada ta gani. Suna nan. Kwana huɗu ba wanda ya taka su, ciyawar ta ƙara duhu, sun fito fiye da ranar farko. Babu lasifika, babu motsi, sai kujerun shilo da iska ke ɗan kaɗawa.

"Ina tsamiyar?" ta ce.

Na nuna mata kututturen. Ta bi da ido zuwa kudu. Akwai uku a nan, kusa da juna, ba yadda za a yi mutum ya san wanne ne. Ita ma ba ta tambaya ba. Ta daɗe tana kallo, leɓɓanta suna motsi. Na kasa kunne ko zan ji suna, ban ji ba, kuma har ta rasu ban ji ba, don haka ba ni da sunan da zan bar muku. Inuwar ƙarafan ta matsa ta hau layin farko, Sunusi yana can ƙasa ya ɗaga kai yana jira.

"A raina ya girme ka," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Duk shekarar da ka ƙara sai in ƙara masa. Da ka yi gemu na yi masa, da ka yi furfura na sa masa tasa." Ta saki ƙarfen, ta miƙa hannu ɗaya a iska, ta auna daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ta sake aunawa. "Ashe kamu biyu ne."

Ta ja mayafinta ta ɗaure shi tam a ƙarƙashin haɓa, ta kama hannuna.

"Ce wa mutumin ya sake mu."